Shekarar da Na Tsaya Gaban Baffa

Akwai wani labari da ake bayarwa a kaina a gidanmu na Gafasa, kuma na san kun ji shi tun kuna ƙanana, domin ba a taron suna ko biki ba tare da wata ta jawo shi an yi dariya ba. Cewa ake yi uwarku ce mace ta farko a gidan da ta tsaya ƙiƙam gaban surukinta, ta kalli tsabar idonsa, ta titsiye shi da tambaya kamar ɗan aji biyu. Masu ba da labarin ba ƙarya suke yi ba, sai dai daga ƙarshe suke farawa, su bar abin da ya kai mu can. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta fara yi mini gardama, na ga gara in rubuta muku shi da hannuna kafin a ƙara masa gishirin da ba ni na zuba ba.

Ni 'yar Balan ce, aure ya kawo ni Gafasa da takardar koyarwa ta Giredi Tu a cikin akwatina. Kakanku ya rasu tun babanku yana yaro, ƙanensa Baffa Sule ne ya riƙe shi har ya yi masa aure, saboda haka a wurina Baffa suruki ne cikakke. Sashensa yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu. Kakarku Inna kuwa jinin Fulani ce, kunya a wurinta ita ce mutuncin mace gaba ɗaya. Tun ina amarya ta zaunar da ni ta karanta mini dokar gidan: idan na hango Baffa in cire takalmi in durƙusa, kada in ɗaga kai, kada in ci abinci inda zai gan ni, kada ya ji muryata fiye da gaisuwa. Ban ga wahalar wannan ba, don a gidanmu ma haka muka tashi, kuma kun sani har yau ba na kiran sunan yayanku. Shekaru muka yi da Baffa a gida ɗaya, abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce ina kwana da lafiya lau ba. Shi ma ba ya kiran sunana, 'Yar Balan yake ce mini.

Ni da Baffa dukkanmu malaman makaranta ne, amma Allah ya taimaka ba a wuri ɗaya muke ba. Shi hedimasta ne a wata firamare da ke kan hanyar Ajingi, ni kuma ina riƙe da aji biyu a ta cikin gari. Gaban yara muryata ba dama, har malamin aji uku ya taɓa roƙona in rage murya don yaransa sun fara amsa tambayoyina ta cikin bango. Amma a tara manya uku a ce in yi magana, sai harshena ya yi nauyi. A taron malamai can baya nake zama, idan an tambayi ra'ayina in ce abin da aka faɗa ya yi. Ban ɗauki wannan a matsayin matsala ba, kowa ma yabona yake yi da shi.

Sai aka zo da maganar cewa duk malamin da ba shi da takardar NCE kwanansa a aji ya kusa ƙarewa, hedimasta kuwa sauke shi za a yi. Aka buɗe mana karatun ƙarshen mako a Gaya, Asabar da Lahadi. Na yi rajista ina murna, sai daga baya babanku ya gaya mini Baffa ma ya yi, da yake shi ma Giredi Tu ce a hannunsa, ga shi 'yan shekaru kaɗan suka rage masa ya yi ritaya. Haka muka zama 'yan aji ɗaya ni da surukina. Daga gida ɗaya muke fita zuwa aji ɗaya, amma shi ya hau babur ɗinsa shi kaɗai, ni in tsaya bakin titi ina jiran mota, don ko a mafarki ba zan hau bayansa ba. A aji yana layin gaba da farar hularsa, ni ina can kusurwar baya inda mata suke, na ja mayafi har goshi.

Da haka za mu gama lafiya, ba don darasin dabarun koyarwa ba. Malaminsa wani matashi ne daga birni, Malam Dauda, wanda Baffa ya haifi kamarsa. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son aikinsa, sai dai bai san zaman ƙauye ba. Ya ce kowane rukuni zai fito gaban aji ya gabatar da darasi, makin na rukuni ne gaba ɗaya, kuma wanda ya faɗi wannan sai ya maimaita shekara. Don ya sauƙaƙa mana haɗuwa a tsakiyar mako, sai ya raba mu gari-gari. Mutanen Gafasa da kewaye mu huɗu ne: Baffa, da ni, da ƙawata Rabi wadda ke koyarwa a Ajingi, da wani Malam Nasiru. Da na ji an kira sunana bayan na Baffa, sai na ƙara jan mayafina na rufe fuska.

A zauren Baffa muke haɗuwa. Ni ina zama bayan Rabi, idan ina da abin faɗa in raɗa mata a kunne, ita ta faɗa da ƙarfi. Rabi bakinta ba ya gajiya, don haka aikin bai dame ta ba, har ƙari take yi mini. Ba wanda ya tambaye ni, suka yanke cewa ni zan riƙe kwali, su uku su yi bayani. Tausayina suka ji, ni ma na gode musu har cikin raina. Na zana kwalin nan da kyau, na yi masa ado da jan biro da shuɗi, na ce ai wannan ma gudummawa ce.

Ranar gabatarwa na ɗaga kwalin har ya rufe mini fuska, ina jin muryoyinsu ta bayansa. Baffa ya yi nasa, Rabi ta yi, Malam Nasiru ya rufe. Har na fara hamdala, sai na ji muryar Malam Dauda.

“Malama mai kwali, sauke shi mu ga fuskarki. Yi mana bayanin zane na biyu.”

Na san zanen nan kamar tafin hannuna, ni na zana shi. Na sauke kwalin a hankali, idanu suka yi mini caa. A daidai lokacin Baffa, wanda ke tsaye kusa da ni, ya juyo ya dube ni. Wallahi ban yi niyya ba, gwiwoyina ne suka yi abin da suka saba. Sai ga ni durƙushe a gaban allo, kwali a hannu, kai a ƙasa. Aji ya kwashe da dariya, wasu har da buga tebur. Waɗanda suka san alaƙarmu suka yi shiru, kuma shirunsu ya fi dariyar ciwo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka natsu, Malam Dauda ya ce bai karɓi wannan gabatarwa ba, za mu sake, kuma Malama Saude, wato ni, ita ce za ta yi bayani daga farko har ƙarshe.

Rabi ta bi shi har ofis ta yi masa bayanin cewa dattijon nan uban mijina ne. Ya ce ya ji, kuma yana girmama al'ada, amma malamar da ba za ta iya magana gaban manya ba, yaya za ta yi ranar da masu duba makaranta suka shigo ajinta, ko uban yaro ya zo da ƙorafi? Da Rabi ta kawo mini wannan amsa na ji haushinsa ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Asabar ɗin da aka sa mana ta zo ban shirya komai ba sai fargaba. Na haddace bayanin, amma duk lokacin da na tuna Baffa zai tsaya a gefena sai ya gudu daga kaina. Na shiga aji, na duba layin gaba, sai na ga kujerarsa babu kowa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, har numfashina ya dawo daidai. Daɗin bai daɗe ba. Malam Dauda ya tuna mana dokarsa ta ranar farko, cewa rukunin da bai cika ba ba ya fitowa. Malam Nasiru ya ce ai ya ga babur ɗin Baffa a waje, ya fita nemansa. Ya same shi bayan rumfar mai shayi, a gindin darbejiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya roƙe shi ya shigo, Baffa ya ce a'a, mu je mu yi, idan yarinyar ta gama zai shigo. Shi a ganinsa ya kawar mini da dutse daga hanya. Kafin a shawo kansa lokacin darasin ya wuce.

Malam Dauda ya ɗauka raini ne, cewa tsohon hedimasta ya ga shi yaro ne shi ya sa ya ƙi shiga ajinsa. Sai da wasu dattawan ajin suka sa baki kafin ya sauko. Ya ba mu dama ta ƙarshe, Asabar ɗin da za a rufe kafin jarrabawa: rukuni a cike, Saude a gaba, in ba haka ba dukkanmu mu maimaita shekara. A mota muna komawa Rabi ta juya mini ƙeya tana kallon taga, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta. Tana da goyo a lokacin, da ƙyar take haɗa karatun da aiki, ga shi ni zan jawo mata wata shekarar.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Bayan kwana biyu babanku ya dawo daga gona ya zauna yana kankare ƙasa daga fartanya, sannan ya gaya mini abin da Baffa ya yanke. Zai je Gaya ya janye sunansa daga karatun gaba ɗaya. Idan ya fita, rukuninmu ya zama na mutum uku, a cike ke nan, ni kuma in yi maganata ba tare da idonsa ba. Ya ce wa babanku shi ya ci zamaninsa, 'Yar Balan kuwa yanzu ta fara. Na tambayi babanku to hedimastancin fa, ya ce za a sauke shi, wataƙila ya ƙare aikinsa a ƙarƙashin wani da ya koya wa abacada. Babanku mutum ne mai zolaya, kun san shi, amma ranar ko murmushi bai yi ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, abin mamaki ne a ce muryar da ake ji daga makaranta har bakin kasuwa ita ce za ta sauke Baffa daga kujerarsa don ta ƙi fitowa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai, abinci ya ƙi shiga. Mutumin da ya riƙe marayan ɗan'uwansa, ya yi shekaru yana tashi da asuba zuwa makarantarsa, zai ajiye komai don kada in ji kunya. Ni kuma in karɓa in yi shiru, a ce mai kunya ce. Washegari na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na ce ina so ta ba ni izini in yi wa Baffa magana da bakina. Ta riga ta san zancen, kuma ita a wurinta abin da Baffa ya yanke shi ne daidai, haka manya suke yi. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

“Takarda ce za ta sa ki buɗe baki gaban uban mijinki? Ni na shekara nawa a gidan nan, kin taɓa jin muryata ta haura katangar can? Idan kika yi, ki sani ba da yawuna ba.”

Na ce ta yi haƙuri, na tashi. Ban taɓa saɓa wa Inna ba sai ranar, kuma ina fita daga ɗakin hawaye na zuba, don ina ƙaunarta, ita ta karɓi haihuwarku duka.

Na sami Baffa a gonarsa da la'asar, yana zaune a gindin tsamiya yana tsige gyaɗa daga jikin harawa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana jiran in wuce kamar kullum. Ban wuce ba. Na buɗe baki, muryar da ta fito kamar ta ɗan tsako.

“Baffa, don Allah kada ka bar karatun.”

“Ban ji ba, 'Yar Balan.”

Har yau ban sani ba ko da gaske bai ji ba. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi, na ƙara da cewa idan ya janye, ni ma ba zan sake taka Gaya ba. Ya ajiye harawar da ke hannunsa ya dube ni.

“Kina tsammani ke kaɗai ke jin kunya? Ranar da kika durƙusa gaban allon nan, ni ma rasa inda zan sa kaina na yi. Ba don ke kaɗai na zauna wajen mai shayi ba, har da kaina.”

Ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma yana jin nauyina ba. Jin haka ya sa wani abu ya saki a ƙirjina. Sai ya ci gaba, yana kallon gefe, ya ce akwai abin da ya lura da shi. Idan mu matan gidan muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, muryata yake ji ta kan katanga, ni ke ba da labari, ni ke sa su dariya, wani lokaci shi ma har ya murmusa. Ya ce bakina yana aiki ne idan hannuna yana aiki, don haka mu daina ba ni kwali, a ba ni faifai.

Daga ranar gindin tsamiyar nan ya zama ajinmu. Bayan an tashi daga makaranta sai in tafi da faifaina, babanku ya raka ni don kada a ga na keɓe da suruki, Rabi da Malam Nasiru su zo ranar da suka samu hali. Muka sauya darasin ya zama koyar da tarawa da ɗebewa da abin da yaro ya saba gani a gida. Da farko Baffa baya yake juya mini, yana tsigar gyaɗarsa kamar ba ya nan, ni ina zaune ina ɓarewa ina magana da ƙwayoyin da ke faifai. Da bakina ya fara sakewa ya ce in miƙe tsaye. Da na saba da tsayuwa sai ya riƙa jan buhunsa yana ƙara nisa, yana cewa bai ji ba, har sai na ɗaga murya tsuntsaye sun tashi daga kan tsamiyar. Babanku ya zama ɗan aji mai rashin ji, yana ɗaga hannu yana neman izinin fita fitsari, sai na tsawata masa kafin in tuna wa ke zaune a wurin.

Ranar da Baffa ya fara juyowa ya fuskance ni, komai ya rushe. Na tsaya baki buɗe, faifan ya suɓuce, gyaɗa ta watse a ƙasa, na juya na kama hanyar gida ina kuka. Rabi ta biyo ni ta riƙo mayafina, ta ce ba inda za ni, ba za ta sake shekara da goyo a baya tana bin motar Gaya saboda ni ba. Ta ce wa ya ce dole sai na kalli idonsa, in kalli hularsa mana. Na koma na tsince gyaɗata, na kafa wa hular nan ido na fara daga farko. Har yau in aka ba ni allura da zare zan iya fitar muku da aikin da ke jikinta. Muka raba aiki: Malam Nasiru zai yi rubutu a allo, Baffa zai zama ɗalibi, Rabi kuma ta riƙe kwali, ta ɗanɗana abin da na ji.

Hanyar gonaki ba ta rabuwa da mata masu wucewa, kuma kafin in isa gida labari ya riga ni. Aka ce an ga matar Habu, wato ni, tsaye tana ɗaga wa Baffa murya har da nuna shi da yatsa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kai mata tuwo da yamma kamar kullum, aka dawo mini da kwanon a rufe yadda na kai shi. Haka aka yi washegari, da wanshekare. Idan na gaishe ta sai ta ce lafiya, ta juya kai. Sau da yawa na yi niyyar fasawa, sai in ji tashin babur ɗin Baffa da safe zai tafi makarantarsa, in ɗaure.

Ranar Asabar ɗin na fito gaban aji da faifan gyaɗa a hannu. Wani daga baya ya ce a kawo mata tabarma tun da wuri, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗauki gyaɗa ɗaya na matse ta, ta yi ƙas, na ɗauki ta biyu. A ta uku na ji na yi sallama, na faɗi sunan darasin. Jimlolin farko da ƙyar suka fito, da Turancina na 'yar Balan, inda ya ƙare in cike da Hausa tunda darasin na ƙananan yara ne. Ban san lokacin da muryata ta aji biyu ta zo ba, sai dai na ga na baya sun daina raɗa sun miƙe wuya.

Da aka zo wurin kiran ɗalibi, ba zan iya kiran sunansa ba, ko a wasa. Na ce yaron nan mai farar hula ya taso. Aji ya fashe da dariya, Baffa ya taso yana ɗaga yatsa kamar ɗan firamare. Na zuba masa ƙwaya huɗu a tafin hannu, na ƙara masa uku, na juya ga aji ina bayani, sannan na ce ya ƙirga mana. Ya ƙirga a hankali ya ce shida. A gindin tsamiya ba mu taɓa yin haka ba, kullum bakwai yake cewa. Na leƙa hannunsa, shida ce kuwa. Malam Dauda ya ɗago daga takardarsa. Na nemi hular in kama, sai idona ya sauka a kan gemunsa, na ga yana motsi. Ban san sa'ad da na kalli tsakiyar idonsa ba.

“Ina ɗayar?”

“Malama, yunwa nake ji.”

Ajin nan kamar rufin zai tashi. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, a tsaye, gaban Baffa, gaban kowa. Da aka lafa na ce to yara, muna da bakwai, wani ya cinye ɗaya, saura nawa? Manya masu furfura suka amsa da baki ɗaya suka ce shida. Na ce wannan shi ake kira ɗebewa, kuma shi ne rabin darasinmu na biyu. Daga nan har ƙarshe ban sake tuna cewa ina jin tsoro ba. Malam Dauda bai yi dogon yabo ba, cewa ya yi rukunin Gafasa ya wuce, sannan ya taso ya miƙa wa Baffa hannu biyu. Rabi ta jefar da kwalin ta rungume ni.

A waje na tarar da Baffa yana ƙoƙarin tayar da babur. Na cire takalmi na durƙusa kamar yadda na saba, don abin da aka yi a aji na aji ne. Ya dube ni ya ce sannu da aiki, Malama. Daga ranar bai sake ce mini 'Yar Balan ba.

Wannan shi ne abin da ake ba ku labari ana dariya. Abin da ba a gaya muku shi ne abin da ya biyo baya a cikin gida. Baffa da kansa ya je ya yi wa Inna bayani, ta saurare shi kanta a ƙasa, don ita ma ba ta musu da shi, amma zuciyarta ba ta sauya ba. Sai da aka kai amfanin gona rumbu kafin ta sake buɗe kwanona. Hirar da muke yi da ita da, tana tsefe mini kai tana ba ni labarin rugarsu, ba ta sake dawowa ba. Har ta koma ga Allah, idan za ta ambace ni cewa take yi mai bakin nan. Ni na yi jinyarta, ni na riƙa juya ta a shimfiɗa, ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban iya tambaya ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau. Kada ɗayanku ya ga laifinta. Abin da aka ba ta ta riƙe da amana, tana kuma ganin ni na yar da nawa a kan titin Gaya.

Mu huɗu duk muka karɓi takardunmu. Baffa ya ƙare aikinsa a kujerarsa ta hedimasta, aka yi masa taron ban kwana da mutunci, ni aka sa na yi magana a madadin iyali. Bayan haka na tsaya gaban masu duba makaranta da iyayen yara ba adadi, kuma kada ku ɗauka tsoron ya tafi gaba ɗaya. Har na yi ritaya ba na fita gaban taro sai da 'yar gyaɗa a ƙulle a bakin mayafina, ina murza ta ba wanda ya sani.

A ciwonsa na ƙarshe kunnen Baffa ya yi nauyi, idonsa ma ya rage. Na je duba shi wata safiya, na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya juyo da kai a kan matashi yana neman inda muryar take.

“Wace ce?”

Babanku ya matsa kusa da kunnensa ya gaya masa. Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu da ƙyar ya yafito ni.

“Tashi ki tsaya, Malama. In kina durƙushe ba na jin ki.”

Na miƙe tsaye, na matsa gaban gadonsa, na gaishe shi da muryata ta aji biyu, ya amsa.